Me ya sa ake ta maimaita ma ƙananan soja abu ɗaya a filin horo?

Wani matashi daga nan Tahoua ya turo tambaya. Ya ce ƙanensa na can Tondibiya, kusa da Yamai, wajen horon soja, kuma duk ranar da suka samu yin waya labarin ɗaya ne: faɗi ƙasa, ja ciki, tashi ka ruga, sake faɗuwa, kwance bindiga, haɗa bindiga, yau haka gobe haka. Shi ne yake tambaya wai mene ne amfanin wanga maimaici, tunda 'yan bindigar da za su gamu da su a daji bisa moto suke zuwa, ba wani tsari suke bi ba, ashe ba zuciya da yawan harsashi ne ke aiki ba?

To ɗana, Allah ya yi ma albarka da ka tambaya maimakon ka zauna kana zargi cikin ranka. Na yi aikin soja har na aje kaki da galar ajidan, kuma rabo mai yawa na aikin nan na yi shi ne wajen horar da yara irin ƙanenka, don haka tambayarka ta zo gida. Amsar a dunƙule ita ce, duk wahalar nan da ake ba su, minti ɗaya ake saye da ita, wato mintin farko bayan an buɗe musu wuta. Cikin wannan mintin babu mai iya ba da umarni mai tsawo, babu mai iya jin sa ko an ba da, kuma a cikinsa ne yawanci ake rabuwa tsakanin rukunin da zai koma bariki da wanda za a je ɗaukowa.

Bari in faɗa ma abin da ke samun jikin ɗan Adam idan harsashi ya wuce kusa da kunnensa, don mutane na ɗauka abin kamar na telebijin ne. Zuciya na bugawa kamar za ta fasa ƙirji, baki ya bushe, yatsu su yi nauyi har maɓallin riga ya gagare ka, ido ya tsuke ka riƙa ganin abin da ke gabanka kaɗai ba ka ganin dama ba ka ganin hagu, kunne ya toshe abokinka na ihu kusa da kai ba ka ji. Wani ya daskare a tsaye, wani ya danne kunamar bindiga har sai harsashi ya ƙare bai san inda yake harbi ba. Wannan ba ragwanci ba ne, haka Allah ya halicci jiki, kuma jarumi da matsoraci duka yana samunsu. Bambancin kawai shi ne wanda jikinsa ya riga ya haddace abin yi, jikin zai yi shi ko da tunani ya tsaya cak. Dubi 'yan kokowar takobi, wadda tun 1975 aka soma ta a nan Tahoua: idan aka kai ma gwani hannu a ƙafa ba ya tsayawa ya yi shawara, ƙafar ta riga ta janye kafin shi kansa ya san an kawo kamu. Ba a fili ya koyi wannan ba ranar gasa, a gida ya koya da faɗuwa ba adadi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu mu zo kan yadda aka gina ƙaramin rukunin, don sai ka san shi za ka gane atisayen. Mu da tsarinmu ya samo asali daga na Faransa, tubalin farko shi ne mutum biyu, ana ce musu binom. Kai da abokinka, tare kuke ci, tare kuke gadi, idan ɗaya na canza gidan harsashi ɗaya na harbi, idan ɗaya na tsallake fili ɗaya na tsare shi. Sama da su akwai gurub, kusan mutum goma ƙarƙashin sarjan, da kaporal-kaporal masu riƙe da ƙananan ɓangarorinsa. Gurub uku ko huɗu su ne seksiyon, mutum talatin zuwa arba'in, ƙarƙashin laftanan ko ajidan. Amurkawa nasu rukunin mutum 9 ne, shugaba ɗaya da ɓangare biyu na mutum hurhuɗu, Ingilishi nasu mutum 8. Ka ga lambar duka kusa take da juna, kuma ba haɗuwar baki aka yi ba. Cikin hayaniyar wuta mutum ɗaya ba ya iya kula da fiye da mutum uku ko huɗu kai tsaye da murya da hannu, shi ya sa ake ta rarrabawa har a iso ga adadin da ido ɗaya zai iya riƙewa.

Abin nan da jini aka koyo shi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ana jera sojoji sahu-sahu su tashi su fuskanci mashinga. Ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta yaƙin Somme a Faransa, sojan Ingila sama da 57,000 ne aka kashe ko aka raunata, sama da 19,000 daga cikinsu sun mutu, a wuni ɗaya. Daga irin wannan asara ne rundunoni suka fahimci cewa dole a farfasa soja zuwa ƙananan rukuni, kowane da bindigarsa mai ruwan wuta da masu gurneti, kuma a sakar ma sarjan mara ya yanke shawara a inda yake. Faransawa suka gina gurub nasu kewaye da bindigar Chauchat, Jamusawa suka fito da ƙananan rukunin kutse da suka yi aiki da su sosai a 1918. Duk abin da ake koya ma ƙanenka yau jikan wancan darasi ne.

Ƙa'idar da komai ke tsaye a kanta gajeruwa ce: ba a motsi sai da wuta, kuma ba a wuta sai da dalili. Idan ɓangare ɗaya zai tashi ya ci gaba, ɗayan na kwance yana harbi inda abokin gaba yake, don ya hana shi ɗaga kai ya auna. Wanda ya tashi kuma ba gudun fanfalaki zai yi ba, daƙiƙa uku zuwa biyar ne ya faɗi, don kusan lokacin da mai bindiga ke buƙata ke nan ya gan ka, ya juyo da baki, ya daidaita, ya harba. Kuma kafin ka tashi ka riga ka zaɓi inda za ka faɗi. Yaro sabon shiga sai ya tashi tukuna sannan ya soma neman mafaka da ido, yana tsaye tsakiyar fili yana waige-waige, irin wannan ne sarjan ke maido shi baya ya ce sake, ya sake, ya ce sake, har gwiwar wando ta yage. Shi yaron gani yake mugunta ce, alhali so ake idonsa ya saba da neman rami da tudu da dutse tun ƙafa ba ta ɗaga ba.

Nan akwai abu guda da nake so duk mai ɗan'uwa soja ya sani, bambancin abin da ke ɓoye ka da abin da ke kare ka. Sabara da geza da zana da ƙofar mota suna ɓoye ka daga ido, amma harsashin kalashi ratsa su yake kamar babu. Abin da ke kare ka shi ne ƙasa mai kauri, gaɓar ƙorama, babban dutse, gindin tsohon gawo, injin mota. A nan Adar, yankinmu na Tahoua, Allah ya ba mu duwatsu da kwazazzabai, akwai wurin fakewa, sai dai shi ma abokin gaba yana da shi. Da ka haura arewa wajen Tiliya da Tasara, cikin Azawak, fili ne fetal, wani wurin tudun da bai kai tsawon gwiwa ba shi ne duk dukiyarka, kuma wanda bai saba karanta ƙasa ba zai wuce shi bai gani ba. Shi ya sa tazarar da ake bari tsakanin soja da soja, wadda a wuri mai duhuwa mita biyar zuwa goma ce, a irin wancan fili sai an ƙara buɗe ta. Tsoro kuwa tara mutane yake yi, kowa na so ya ji kafaɗar ɗan'uwansa, sai su dunƙule wuri ɗaya, gurneti ɗaya ko feshi ɗaya na mashinga ya same su duka. Rabin ihun da sarjan ke yi a sintiri na a buɗe ne, a buɗe.

To idan aka buɗe ma rukuni wuta ba zato, me aka haddace? Kowa ya faɗi ya samu mafaka, ya maida wuta wajen da harbin ke fitowa, sannan wanda ya ga wurin ya faɗa da ƙarfi: ta wane gefe, nisa nawa, kusa da wace alama. Sauran su maimaita maganar har ta kai ƙarshen sahu. Wannan duka ba a jiran umarni, kuma shi ne mintin da na ce ma ana saye. Cikinsa sarjan ke samun damar ɗaga kai ya duba: su nawa ne, da wane makami, akwai hanyar zagaye ta gefe, ko kuwa sun fi ƙarfinmu a janye. Idan janyewa ce ita ma da tsarinta, wasu na harbi wasu na ja da baya, su tsaya su karɓi harbin, na farko su wuce su, har a fita. Gudu a warwatse shi ne abin da abokin gaba ke fata, don bayan mutum ya fi gabansa sauƙin harbi.

Gano inda harbin ke fitowa ma ilimi ne. Harsashin kalashi na fita da gudun mita 700 da 'yan kai a daƙiƙa, sauti kuwa kusan mita 340 yake yi, don haka harsashin na riga ƙarar bindigar isowa. Za ka fara jin wani tas mai kaifi bisa kanka, shi ne wucewar harsashi, daga baya ka ji dum daga nesa, ita ce bindigar. Sabon soja na juyawa wajen tas ɗin, tsohon hannu na jiran dum ɗin, kuma tazarar da ke tsakaninsu na gaya mishi ko mai harbin na kusa ko yana nesa. Wannan ba a koyon sa da baki, sai kunne ya ji a filin harbi.

Kwanton ɓauna kuma shi ne mafi muni, kuma shi ne ya fi cin mutanenmu a hanyoyi. Wanda ya yi ma kwanto ya zaɓi wurin, ya zaɓi lokacin, ya auna bindigoginsa tun kafin ka iso, don haka wurin da wutar ta same ka shi ne wuri mafi haɗari a duniya a wannan lokaci, zama cikinsa mutuwa ce. Idan a mota ne kuma motar na tafiya, direba ya taka ya fice, ba ya tsayawa. Idan ta mutu, a sauka ta gefen da wuta ba ta fitowa, kowa ya san ƙofar da zai bi da wurin da zai tsare tun daga bariki. Idan a ƙasa ne kuma masu kwanton na kusa ƙwarai, nisan jifa da gurneti, abin da ake koyarwa shi ne waɗanda ke cikin wutar su afka musu kai tsaye da duk abin da ke hannunsu, abin da hankali ba ya so ko kaɗan, amma shi ne hanya mafi gajarta ta fita. Waɗanda wutar ba ta rutsa da su ba su ne za su danne abokin gaba da harbi ko su zagayo mishi ta gefe. Ka gaya mini, ɗana, wane mutum ne zai tashi ya ruga wajen bakin bindiga idan ba jikinsa ya yi hakan sau da yawa ba, kuma ya tabbata na dama da na hagunsa za su tashi tare da shi? Zuciyar da kake magana a kanta gaskiya ce, ana buƙatarta, amma ba daga sama take faɗowa ba, yawancinta daga wannan tabbacin take fitowa.

Ga misalin da ya faru a ƙasarmu. Ranar 4 ga Oktoba 2017, kusa da Tongo Tongo a jihar Tilaberi, aka yi ma ayarin haɗin gwiwa na sojanmu da na Amurka kwanton ɓauna jim kaɗan bayan sun baro garin, inda suka tsaya ɗibar ruwa da ganawa da shugabannin gari. Sojan Amurka 4 suka mutu tare da 'yan uwanmu sojan Nijar, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Binciken da ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar a watan Mayu 2018 ya ce maharan sun ninka su yawa kusan sau uku, kuma cikin kurakuran da ya lissafa har da cewa ba a yi gwajin aikin ba, ba a yi atisayen martani tare tsakanin Amurkawan da sojanmu ba kafin a fita. Ka duba fa, waɗannan zaɓaɓɓun soja ne masu horo mai zurfi, kuma sun yi faɗa da jarumta, amma gwanintar mutum ɗaya-ɗaya daban, sabo da juna daban. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma hannuwa goma ma idan ba su ɗaga lokaci ɗaya ba jinkar ba ta tashi.

Shi ya sa a wurina sarjan na ƙwarai ana gane shi tun kafin a tada mota. Za ka gan shi ya tara yaransa a inuwa, ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi da tsinke ya ce ga hanya, ya aza tsakuwa uku ya ce ga motocinmu, ya dasa ƙaya ya ce ga ƙoramar da ba na so, ya karya kara ya ce ga rijiya. Sannan ya nuna yaro ɗaya da tsinken: kai, an harbe ni a nan, wa ke riƙe da gurub? Kai, motar gaba ta taka nakiya, me za ka yi? Kai, radiyo ta mutu, ina za mu haɗu? Idan yaro ya yi inda-inda a sake daga farko. Bayan nan a tashi a taka shi da ƙafa, a hau mota a sauka, a hau a sauka, a duba ruwa, a duba harsashi, kowa ya yi tsalle a ji ko akwai abin da ke ƙara a jikinsa. Rabin awa ne ko awa ɗaya, kuma wallahi na fi yarda da shi bisa ƙarin mota biyu.

Maganar yawan harsashi kuma, nan ne mutane suka fi kuskure. Gidan harsashin kalashi 30 yake ɗauka, bindigar kuma na iya fitar da kusan 600 a minti, ka ga idan ka danne kunama cikin daƙiƙa uku ka zama mai riƙe da sanda. Soja na ɗauke da abin da bayansa zai iya ne, ga ruwa, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, kuma a daji babu kanti. Wanda ya firgita zai ƙone rabonsa cikin 'yan mintoci yana harbin sama, wanda ya horu yana harbi ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu a inda ya gani ko inda aka nuna mishi. Ruwan wuta aikin mai PKM ne, bindiga mai jigida da ke kai wa nesa fiye da kalashi, shi ma a gutsure yake sakin ta don kada bakin ya yi zafi ya lalace, kuma duk gurub ɗin kewaye da ita yake aiki: a ba ta wuri mai kyau, a tsare mai riƙe da ita, a taya shi ɗaukar jigida, idan ya faɗi wani ya karɓa nan take. Kwance bindiga da haɗa ta da ƙanenka ke ƙorafi a kai, har da ido a ɗaure, dalilinsa ƙurarmu ce. Bindiga na cijewa, kuma ba ta zaɓar rana tsaka, tana iya cijewa da dare cikin duhu lokacin da yatsunka ke rawa.

Akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba kuma ni shi ya fi damuna, wato mai rauni. Binciken likitocin soja ya daɗe da nuna cewa cikin mace-macen fagen fama da ake iya hanawa, zubar jini ce kan gaba, musamman daga hannu ko ƙafa. Idan babbar jijiyar cinya ta tsinke mintoci kaɗan ne mutum ya tafi, likita ba zai iso ba, jirgi ba zai iso ba, abokinka ne kawai ko kai kanka. Shi ya sa ake koya ma kowane soja ɗaura garo, madaurin nan da ake murɗawa sama da rauni har jini ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaura, kuma ya iya yi ma kansa da hannu ɗaya. Abu mai ɗaci a nan shi ne, idan abokinka ya faɗi a fili ana harbi, abin da aka koya ma shi ne kada ka ruga wurinsa kai tsaye. Ka fara danne mai harbin, ka yi ma abokinka magana ya ja jiki zuwa mafaka ya ɗaura garonsa idan zai iya, sannan a ɗauko shi. Zuciya ba ta son wannan, amma wanda ya harbe shi yana nan yana jiran na biyu, kuma mai rauni ɗaya na cire mutum biyu zuwa huɗu daga faɗa wajen ɗaukarsa.

Sai rahoto. Ana koya ma yaro ya faɗi abu huɗu a radiyo a jere: ga inda nake, ga abin da na gani, ga abin da nake yi, ga abin da nake buƙata. Ka ji kamar wasa, amma mutum a firgice sai ya riƙe radiyo yana ta ihun sun zo, sun zo, a taimaka, minti biyu bai faɗi inda yake ba. Kumandan da ke nesa ba ya iya tura ɗauki inda bai sani ba.

Yanzu ga inda tambayarka ke da gaskiya, don ba zan ce ma atisaye maganin komai ba ne. Masu zuwa bisa moto suna da sauri, sun san daji, suna taruwa su watse, kuma kada ka yarda da cewa ba su da tsari, suna da nasu, suna kallon yadda soja ke yi suna koyo. Rukunin da kullum hanya ɗaya yake bi, lokaci ɗaya, ya tsaya gindin itace ɗaya, kuma martaninsa kullum iri ɗaya ne, ya ba da kansa. Atisaye na mintin farko ne, minti na biyu na hankalin sarjan ne, kuma sarjan da ya haddace littafi amma ba ya kallon ƙasar da ke gabansa haɗari ne ga yaransa. Sannan akwai abin da ya fi ƙarfin gurub baki ɗaya. A Inates ranar 10 ga Disamba 2019 mun rasa soja 71, a Shinagodar ranar 9 ga Janairu 2020 mun rasa 89, a Tazalit nan jiharmu a Oktoba 2016 mun rasa 22. Hari irin wannan kan sansani maganarsa ta haɗa da labarin sirri, da yadda aka gina wurin, da saurin ɗauki ta sama da ta ƙasa, abubuwan da ke hannun manya. Ba daidai ba ne a ɗora ma ƙaramin soja nauyinsu. Abin da ke hannunsa shi ne gadinsa kada ya yi barci, raminsa ya haƙa shi da zurfi ko ya gaji, kuma idan aka busa ƙararrawa cikin dare ƙafarsa ta kai shi wurinsa ba tare da ya tambayi kowa ba.

Wani amfanin horon da nake so ka riƙe shi ne yana hana harbin wanda bai ji ba bai gani ba. Sojan da tsoro ke tuƙa shi duk abin da ya motsa abokin gaba ne, makiyayi da garkensa, yaro bisa jaki, ɗan kasuwa bisa moto, har abokin aikinsa da ya dawo daga bayan gari da dare. Wanda ya horu yatsansa na waje da kunama har sai ya tantance abin da ke gabansa, ya san inda 'yan uwansa suke kafin ya saki wuta, ya san wanda ya aje makami ya ɗaga hannu ba a taɓa shi, haka dokokin Janeba na 1949 suka ce, haka addini ma ya ce. Kuma ko ta fuskar yaƙin kanta, garin da aka zalunta ba ya sake gaya ma soja cewa an ga baƙin moto wajen rijiya, alhali labarin nan na mutanen gari ya fi kowace na'ura hana faɗawa kwanto.

Na san a gida za a haɗa mishi da addu'a, wasu har da laya da rubutun sha. Addu'a kam a dage da ita, uwa ta yi, uba ya yi, mu ma muna yi musu. Abin da nake roƙo shi ne kada kowa ya sa mishi a rai cewa akwai abin da zai sa ya tsaya a tsaye ana harbi, ko ya cire hular ƙarfe da rigar sulke don zafi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa sulke a Uhudu.

Akwai abubuwan da da gangan ban shiga cikinsu ba, irin alamun hannu na kowace runduna, kalmomin gane juna da dare, yadda ake tsara ayari a hanya kaza, don ba na intanet ba ne. Kai ma ka ja kunnen ƙanenka a kan wannan tun yanzu: hoto da kaki a Facebook da TikTok, faɗin inda aka tura su, faɗin ranar da za su tashi ko da a WhatsApp na dangi ne, duk ya bari. Ku ma a gida idan ya kira kada ku tambaye shi kuna ina, yaushe za ku fita, ku tambayi lafiyarsa kawai.

Idan ya gama horo ya zo hutu kuma kana so ka san ko abin ya shiga jikinsa, ba sai ka tambaye shi labarin bindiga ba. Ka tambaye shi wane ne binom ɗinsa, idan sarjan ya faɗi wa ke karɓa, idan shi ma ya faɗi wa ke biye. Ka ce ya nuna ma aljihun da garonsa ke zama, ya kamata ya zama wuri ɗaya da na sauran 'yan gurub ɗinsa, inda kowane hannu zai iya kaiwa, don wanda zai ɗaura mishi cikin duhu ba shi da lokacin lalube. In da hali ku saya mishi safa masu kauri da yawa da hodar ƙafa ya koma da su, don sojan ƙasa da ƙafarsa ta kumbura ta fashe ba ya iya tashin nan na daƙiƙa uku, kuma a watannin farko ƙafa ce ke fara kada yawancinsu.